Burtu Huɗu a Kurmin Hana-Kibiya

"Sunkuya, Maitama. Burtu ba ya ɗaga gindi haka."

Ummaru ne ya faɗa daga bayana, cikin raɗa mai kama da zagi. Na sunkuya. Ƙarangiya ta samu wurin da ba ta samu ba ɗazu.

Mu huɗu ne a jere, muna rarrafe cikin gamba, rana tsaka. Kowa ya lulluɓa da baƙin zane, ya ɗaura kan burtu a goshi, irin wanda maharba ke sassaƙawa da itace su manna mashi baki da jar fata don su yaudari namun daji. Wani da ake ce wa Bature ne a gaba, shi ne maharbinmu. Ɗanasabe na bin shi da adda. Sai ni, da gora da taiki. Ummaru, shugabanmu, yana can ƙarshe da takobi da wata bindiga da rabonta da albarushi tun zamanin mai ita na farko. Ya ce shugaba a baya yake tafiya don ya ga kowa. Ni dai na lura na baya ya fi kowa saurin juyawa.

Shekarata arba'in da 'yan kai. Ina da gemu, ina da mata, ina da gonar auduga a Tsiga. Ga ni ina caccakar ƙasa da bakin itace.

Wurin da muke ciki shi ne Kurmin Hana-Kibiya. Uban ƙasarmu, wanda ba zan kama sunansa ba don tuwonsa nake ci yanzu, ya gaji kurmin daga kakansa tare da doka guda. Itace na kowa ne. Ɗinya da kanya na kowa ne. Amma duk wanda aka kama a ciki da makami, hannun dama. Ba roƙo, ba ban-baki. A sare, a tsoma dungun a tafasasshen man kaɗe, a sallame ka. Ni kuwa da hannun daman nan nake noma, da shi nake cin tuwo, da shi nake nuna wa matata Hajo cewa ni ne mai gida, in ta ba da baya.

Maganar ta faro ne kwana tara kafin nan, ranar kasuwar Dayi, ƙarƙashin ɗorawa bayan masu fura. Shekarar ce tsutsa ta cinye mani auduga, mahara kuma suka sauko daga arewa suka tafi da jakina. Ummaru ya daɗe yana tare fatake a hanyar Malumfashi, shi da Ɗanasabe. Ba su da jaki, ni kuma ba ni da aiki. Sai muka daidaita.

"Gashin jimina," in ji Ummaru, yana zana ƙasa da tsinke. "Larabawa na sayensa a Katsina kamar hauka. An ce can ƙetaren teku mata ke soka shi a ka."

"A ka? Don me?" in ji Ɗanasabe.

"Ina ruwanka? Kai ma ba ka san don me kake da naka kan ba. Ku saurara. Tsakiyar kurmi akwai danga, jimina goma sha biyu a ciki. An fige su farkon kaka. Gashin na cikin rumbu, mai gadin tsohuwa ce. Mu ɗora mata ƙarfe, mu kwashe, mu ɓace. Aikin rabin yini."

"Da dare za mu shiga?" na tambaya.

"Da dare kura ce dogari, kuma ba ta karɓar goro," in ji Bature.

Baturen nan wata uku ke nan da shigarsa cikin su Ummaru. Fari ne, siriri, mai magana a hankali kamar mai jinya. Ya kwance wani ƙunshi, ya baje kawunan burtu huɗu a gabanmu.

"Dabba na gudun mai tafiya tsaye," in ji shi. "In ta gudu, dogarai sun san an shigo. Amma ba dabbar da ke gudun burtu. Ko ƙarya na yi?"

Bai yi ƙarya ba. Duk wanda aka haifa tsakanin Danja da Malumfashi ya san haka tun yana goye. Muka gyaɗa kai kamar malamai sun ji hadisi. Aka raba kawunan. Nawa bakinsa a tsage yake, an ɗaure da zare. Na yi ƙorafi. Ummaru ya ce jaki ba ya zaɓen mangala.

Kwana bakwai ina koyon zama tsuntsu a bayan rumbunmu. Rana ta uku Hajo ta leƙo da turmi a hannu.

"Malam, kaji sun daina ƙwai tun da ka fara wannan."

"Aikin maza ne."

"Kurmi za ku?"

"Wa ya ce maki?"

"Ni dai duk Laraba ina shiga kurmin nan itace. A tsaye nake shiga, a tsaye nake fita. Gwanki ko kunne ba ya kaɗa mani."

"Ke mace ce, me kika sani game da farauta?"

"Awo," in ji ta. "Allah ya ba burtu sa'a."

To, ga mu a kurmin. In faɗi gaskiya, ban taɓa ganin arzikin Allah a wuri guda irin na ranar ba. Ta ƙarƙashin zanen na hango barewa sun fi talatin a fili, kanki na gefe da dogayen fuskokinsu kamar masu zaman makoki. Garken gwanki na inuwar marke. Mazo na shan ruwa a rafi, gauraka biyu na taku a bakin tabki kamar an naɗa su jiya. Gadu ta wuce da 'ya'yanta, kowa wutsiya a sama. Zabin daji kuwa kamar an zubar da wake.

Wasu mata uku suka ɓullo da itace a ka, suna hira da dariya. Suka ratsa tsakiyar gwankayen. Ɗaya har ta ture wani da gwiwar hannu don ya ba ta hanya. Ya ba ta. Wani abu ya taɓa ni a zuciya, mai muryar Hajo. Na kore shi.

Sai wani gwaggon biri a kan kanya ya sunkuyo, ya dube mu. Ya daɗe yana dubawa. Na caccaki ƙasa sau biyu don ya natsu.

Ya yi haushi guda — hoh!

Kurmi ya fashe! Barewa suka tashi sama. Gwanki ya bi kanki, kanki ya bi gadu, zabi suka rufe rana da fuka-fuki. Birai ɗari suka ɗauki ihu daga itace zuwa itace, suna bin mu ta sama, suna jifa da ɗanyar kanya.

"Bature, mene ne haka?" in ji Ummaru.

"Zaki suka hango. Ku ci gaba."

Muka ci gaba. Kanya ta same ni a ƙeya.

Abin da ke faruwa a bakin kurmi a daidai lokacin, Mudi dogari ne ya ba ni labari daga baya, don yanzu kwano ɗaya muke ci. Sarkin Dawa Sada, mai kula da kurmin, yana gindin tsamiya suna dara shi da Mudin. Sauran dogarai biyar na kwance kamar an shanya su.

"Ranka ya daɗe, birai sun yi haushi," in ji Mudi.

"Ta ina?"

"Ta rafin kanya."

"Burtu sun iso ke nan. Ci, ai wasanka ne."

Wani sabon dogari ya tashi zaune, ya tambaya yadda aka yi suka gane. Sada ya yi mashi bayani ba tare da ya ɗaga kai daga gurbin dara ba. Shekara hamsin ba wanda ya taɓa harbin dabba a kurmin nan yana tsaye. Masu tsayuwa mata ne 'yan itace da dogarai masu neman inuwa. Duk kibiyar da ta taɓa shiga jikin gwanki, daga ƙarƙashin kan burtu ta fito, don kowane ɓarawon nama da dabarar waje yake zuwa. Dabbobin sun haddace. Uwa na koya wa ɗa. Burtu na gaskiya ma sun ƙaura tuntuni, don ba su da sakat.

"Ba mu ke tsaron kurmi ba, yaro. Shi ke tsaron kansa. Namu mu je mu kwaso."

"To mu tashi?"

"Bari su isa rumbu tukuna. Ɓarawon da bai taɓa rumbu ba, ba shi da amfani."

Mun isa rumbun gwiwoyinmu na jini. Kafin mu ƙarasa Bature ya ce zai tsaya ya tsare hanya, ya shige gamba. Muka yaba mashi.

Ga danga, ga jiminu tsirara-tsirara suna leƙen mu. Ga rumbu da tsani a jingine. Ga tsohuwa Kulu, mai kiwon jiminun, zaune a tabarma tana kaɗi.

Ummaru ya zabura ya miƙe, kan burtu na lilo a goshinsa, ya auna ta da bindiga.

"Tsohuwa, kada ki motsa!"

"Ina za ni, ɗan nan? Gwiwar nan tun sallar layya ba ta kai ni ko rafi ba." Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya a kaina. "A'a, mai tsagaggen baki, ka sake dawowa? Bara wani gajere ne ya ɗauro ka. Waccan shekarar kuma wani mai sanƙo."

Na ji maganar. Na so in zauna in yi tunani a kanta. Ba a ba ni dama ba.

"Maitama, hau rumbu. Ɗanasabe, riƙe tsani."

Na hau. Na ɗaga murfi, na leƙa. Kashin ɓera, tsohuwar ƙwarya, karyayyun gashi da ba su kai a yi mafici ba.

"Babu komai, Ummaru."

"Sake dubawa."

"Na sake. Har yanzu babu."

"Ai tun Juma'ar da ta wuce fataken Sarkin Dawa suka ɗauke," in ji Kulu, tana murza mazari. "Da kun aiko an tambaye ni, da na hutar da ku."

Ummaru ya cije leɓe. Ya ce ba a haife shi ya koma gida hannu rabbana ba. Ya nuna wa Ɗanasabe wani namijin jimina da sauran gashi a gindinsa. "Shiga ka figo."

"Ni?"

"A'a, ubanka."

Ɗanasabe ya tsallake danga, ya durƙusa, ya fara rarrafe yana gyaɗa kai. Jiminar ta karkata wuya. Ta yi taku biyu — tim! Na ga ɗan'uwana ya fito ta saman danga ba tare da ya taɓa ta ba. Ya faɗi yana neman numfashi, gashi guda a hannunsa.

Sai Kulu ta ajiye mazari. Karo na farko ke nan da na ga ta bar aikinta.

"'Ya'yan nan, ku cire abin nan daga ka, ku miƙe tsaye. Tsohon ɓauna na kusa. Akwai kibiya a kafaɗarsa shekara shida, kuma ya san wanda ya sa mashi."

"Dabara ce," in ji Ummaru. "So take ta ga fuskokinmu. Ku kwanta, ku yi burtu. Dabba ba ta taɓa burtu."

Ya kwanta. Ya yi burtu. In ba shi haƙƙinsa, ya fi mu duka iyawa.

Gamba ta tsage. Baƙi, ƙato, ƙaho kamar gindin turmi. Bai dubi tsohuwa ba. Bai dubi jimina ba. Ummaru ya caccaki ƙasa, ya gyaɗa kai—

Ƙara ɗaya ya yi!

Ɓaunan ya ɗaga shi, ya yar, ya durƙusa a kansa. Ni ina kan tsani ina fama da igiyar goshina, wadda na ƙulle da kaina ƙulli uku don kada ta kunce a bakin aiki. Ta ƙi. Ɓauna ya ɗago kai. Muka haɗa ido, shi da tsagaggen baki. Na yi abin da duk jarumi zai yi, na faɗa cikin rumbu da ka. Ya bugi tsanin ya yi ɗaiɗai, ya zaga sau biyu yana huci, ya tafi abinsa.

Can na ji motsi. Na ɗago na leƙa ta bakin rumbu. Ɗanasabe ne, ya cire nasa kan, yana dafe da haƙarƙari, ya rataya takobin Ummaru, ya ɗauki taikina.

"Ɗanasabe, miƙo mani hannu in sauko."

Ya dubi hanya, ya dube ni. "Hannu yanzu tsada gare shi, Maitama. Ka gai da Hajo."

Ya tafi a karkace, a tsaye. Barewar da ta dawo kiwo ko kallonsa ba ta yi ba.

Dogarai sun iso bayan la'asar, suna tafiya kamar masu dawowa daga suna. Sada a gaba. Kusa da shi, yana cin goro, Bature.

"Sannu da aiki, surukina," in ji Sada.

"Aikin ya yi ƙasa bana, ranka ya daɗe. Ɗaya ya mutu, ɗaya ya gudu."

"Guda ma ya isa, in mai baki ne."

Bature ya tsince kawunan ɗaya bayan ɗaya. Ya goge na Ummaru da ciyawa. Da aka zaro ni daga rumbu, da gorata a ɗaure a ƙugu, ya zo ya yanke igiyar goshina da wuƙa, ya jujjuya kan.

"Ka ƙara tsaga shi, Maitama. Ba ka da riƙon amana."

Washegari da hantsi Sada ya same ni a zauren dogarai, ƙafata a mari. Ya sa aka kawo mani fura. Tun daga nan na san maganar babba ce.

"Malam Maitama, ka san doka."

"Gora ce kawai, ranka ya daɗe."

"Gora makami ce. Hannun dama." Ya gyara zama. "Amma ni mutum ne mai tausayi. Kowace kaka Uban ƙasa na tambayar dabbobinsa. Bana an samu giɓi. Giwa biyu. Ɓauna tara. Gwanki, Allah kaɗai ya san adadi. Raƙumin dawa guda. Sai gashin jimina."

"Ina suka tafi?"

Mudi ya shafa cikinsa, ya dubi rufin zaure.

"Kai ka kashe su," in ji Sada. "Ka faɗa a gaban Uban ƙasa, ni kuma in roƙa maka a ɗauki na hagu."

"Ranka ya daɗe, ko kaza maƙwabcina ke yanka mani."

"To na dama ke nan."

"Tsaya. Giwa nawa ka ce?"

"Biyu."

"Raƙumin dawan fa? Ban taɓa ganinsa ba ko sau ɗaya."

"Mu ma tun bara."

Na dubi hannuwana biyu. Na hagu bai taɓa yi mani wani abin kirki ba. Na shanye furar.

Ranar shari'a ƙofar fada ta cika. Na hango Hajo can baya cikin mata. Uban ƙasa na kan buzu, malaminsa a gefe, mahauci da wuƙa da kaskon mai suna jira a gindin bango. Aka ce in yi magana.

Na fara a hankali, kaina a ƙasa. Na ce na kashe gwanki. Na ce na kashe ɓauna tara. Sai na ji taro ya yi wani irin gunaguni. Na ɗago. Mutane na kallona, bakuna a buɗe. Shekara arba'in ina magana a Tsiga, ko akuya ba ta taɓa tsayawa ta ji ƙarshen zancena ba. Wani maroƙi ya ɗaga murya daga gefe: "Namijin duniya, dodon kurmi!"

A nan Shaiɗan ya zauna a harshena. Ba wanda ya tambaye ni yadda na kashe giwa, amma na faɗa. Na ce ta fari da mashi guda na soke ta a bayan kunne. Ta biyu na kwana uku ina bin sawunta ba ci ba sha, da ta juyo na kira ta da sunan uwarta. Na miƙe har ina nuna yadda na yi tsalle, mari na ƙara a ƙafata. Sada na ta yi mani tari. Hajo ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da na gama, Uban ƙasa ya daɗe yana shafa gemu.

"Sarkin Dawa."

"Ranka ya daɗe. Ina roƙon a sassauta, a ɗauki na hagu."

"Hagu? Hannun irin wannan mutum za a ba mahauci? Shekara uku ina neman wanda zai kawo mani hauren toron giwar nan da ya rage. Maharba biyar na tura, biyar ya tattake. Ashe gwanin na nan Tsiga yana noman auduga."

Malamin ya matso. "Allah ya ba ka nasara, doka ta hana harbi a kurmi."

"Dokar tawa ce, giwar tawa ce. A kwance shi. A ba shi riga, a ba shi sango, a ciyar da shi har ya murmure."

Sango, ga wanda bai sani ba, shi ne mashin giwa. Ni ma ranar na sani.

To ga yadda aka tashi. Ummaru na kwance a bakin kurmi, an tara mashi duwatsu don kura. Ɗanasabe an gan shi a Zariya yana tafiya kamar ƙaguwa, yana ba da labarin yaƙin da ya samu rauni. Bature kuwa ranar kasuwar Danja da ta wuce Mudi ya gan shi ƙarƙashin wata ɗorawa da sababbin abokai uku, yana kwance ƙunshi. Ni ga ni da riga mai aska biyu, da hannuwa biyu cif, an yi mako uku ana ɗura mani tuwo da man shanu. Gobe da hantsi za a raka ni da kalangu har bakin kurmi, daga nan kowa ya koma.

Ɗazu na je wurin Sada, na durƙusa, na tambaye shi ko maganar hannun hagun nan tana nan. Na ce ko na daman ne ma, a yi magana.

Ya dubi hannun, ya dube ni. "Da wane bakin zan ce a sare hannun da ya kashe giwa biyu a gaban shaidu? Riƙe abinka, Maitama. Gobe za ka buƙace su duka, ko don hawan itace."

Na dawo gida na gaya wa Hajo. Ta ci gaba da tankaɗe. Ta ce ita dai shekara ashirin tana shiga kurmin nan, ba ta taɓa ganin itacen da toron bai iya turewa ba.